Sunan Uwar Lasma

Lahad Datu, Sabah
Agusta

Zuwa ga ƙanwata Rumondang,

Horas, Ito, 'yar'uwata. Gaisuwa mai yawa daga wanda ya daɗe rabonsa da gida. Ina gaida mijinki da yara, da fatan sanyin tudu bai kama miki ƙirji ba bana. Ni ina nan da rai. Kafaɗa ce kawai take tuna mini shekaruna kowace safiya.

Jaridarki ta iso. Kin san yadda muke yi da ita a nan. Ranar Lahadi in an taso daga sujada, mutanenmu masu sarar kwakwar manja sukan taru a ƙofar ɗakina, a dafa kofi, a miƙo mini ita, don ni ke da tabarau, kuma ni ne yayan mai jarida. Na buɗe na ga sunan ƙauyenmu a shafin farko, Lumban Hariara, har da hoton wata gonar shinkafa an kakkafa mata turaku. Sai na gyara murya kamar fasto, ina murna yau garinmu ya shiga labari. Na karanta cewa wata mata mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya mata biyu, dangin miji za su karɓe gonar. Na karanta sunanta da ƙarfi, tun daga farko har ƙarshe. Sai a layi na gaba idona ya faɗa kan "matar marigayi Parulian Nababan."

Ito, ashe matar ƙanena ce. Ni da ban taɓa zama tabarma ɗaya da ita ba, ban taɓa karɓar ko kofin ruwa daga hannunta ba. In zan ce an gode sai dai in ce wa 'yarta Lasma ta gaya wa uwarta. Sunan ma ban san shi ba. Ina Kalimantan aka yi auren, kuma wa zai kawo wa wan miji sunan matar ƙanensa? Sunan da al'ada ta hana ni furtawa, ke kika sa shi a bakina, a gaban jama'a.

Tsoho Manurung ya ajiye kofinsa ya ce, "Ya Ubangiji, ka toshe mana kunnuwa." Sitorus kuwa, da bakinsa ba shi da marfi, ya ce, "Lae, ɗan'uwa, maimaita mana, ƙarar injin wuta ta hana mu ji." Aka kwashe da dariya. Tun daga ranar in na wuce sai wani ya ce, "Ga mai karanta labarai nan, kowa ya ɓoye sunan matarsa."

Shekara da shekaru ina aiko miki abin sayen takarda da tawada. Ban taɓa tambayar ki inda ya shiga ba, ba kuma yau zan fara ba. Amma ban san tawadar da za a shafa mini a fuska nake saye ba.

Ba zan ce kin yi ƙarya ba. Na sake karantawa ni kaɗai, ban ga ƙarya ba. Abin da kika bari ne ya ci mini rai. Kin rubuta cewa a al'adarmu wanda ya mutu bai bar ɗa namiji ba, gonarsa takan koma hannun ɗan'uwansa. Ba ki rubuta inda gonar ɗan'uwan ta tafi ba. Tawa aka sayar aka yanka ɓauna ranar da aka binne mahaifiyarmu, aka ciyar da dangi har suka ce 'ya'yan gidan nan sun fita kunya. Parulian, Lian ɗinmu, ya riƙe tasa, ban ce uffan ba, shi ke da iyali. Yanzu kwantiragina zai ƙare a Disamba, hannuna ba ya ɗaga gorar sara kamar da, ba ni da mata, ba ni da ɗa. Wannan gonar ce kaɗai na ce zan koma in tsaya a kanta.

Turakun kuma ba ni na aika a kafa ba. Ki rubuta wannan in kina da sauran fili.

Allah ya bar zumunci, ko da yake kin ja shi har ya yi ƙara.

Yayanki,
Tumpal

*

Siborongborong
Satumba

Horas, Ito,

Wasiƙarka ta same mu lafiya. Mun gode Allah da kafaɗa ce ta gaji, ba baki ba, don bakin yana nan yadda na san shi. Mijina yana gaishe ka, yara suna tambayar yaushe kawunsu zai zo.

Ba zan ɓoye maka ba, da na kai wurin Sitorus sai da na yi dariya har mai jera mana haruffa ya leƙo. Daga baya na ji kunya a madadinka. Kada ka damu, ba zan rubuta sunan a nan ba, kar tabaranka ya tsage.

Amma ba ni na zaɓa ba. "Nai Lasma" na rubuta, wato uwar Lasma, kamar yadda kowa ke kiran ta. Ranar kasuwa ta shigo ofishinmu, taɓo har ƙwauri, ta ce in karanta mata kafin a buga. Ina cikin karatu ta tsayar da ni.

"Eda, 'yar'uwar mijina, wace ce wannan?"

Na ce, "Ke ce mana."

Ta ce, "A'a, wannan uwar Lasma ce. Uwar Lasma ba ta da katin shaida. Na je ofishin filaye na ce ni ce ita, suka duba suka ce ba su san ta ba. Ki sa wanda ubana ya raɗa mini."

Na ce, "Wan mijinki fa yana karanta jaridar nan."

Ta ce, "To ya tsallake layin. Ai ya saba tsallake ni."

Kan gonarka da aka sayar, ka fi ni gaskiya. Na ba da rabin labari. Na gyara a fitowar wannan makon, da maganar turakun, kuma ba a ƙasan shafi na ɓoye shi ba.

Uda ne ya kafa su, ƙanin babanmu, da kansa, da guduma. Yana faɗa wa kowa a rumfar bammi cewa amanar Tumpal yake tsarewa. Har ya kawo wani mutumin Medan mai farin takalmi ya zagaya gonar. Ka yi tunani, Ito. Kai ma ba ka da ɗa namiji. Ranar da ka kwanta dama, hannun wa za ta faɗa in ba 'ya'yan Uda ba? Ba amanarka yake gadi ba, tukunyarsa yake jira ta nuna.

Kotu ta daɗe da cewa mace tana da rabo a gado, tun kafin a haife ni. Amma wace mace ce za ta kai dangin mijinta ƙara, alhali su ne za su ɗauki gawarta? Shi ya sa suke zuwa wurina. Tun da labarin ya fita bencin ofishinmu bai huta ba. Mata daga ƙauyukan da ban taɓa takawa ba, kowace da nata turakun. Su kuma 'yan kasuwar danginmu sun janye tallarsu gaba ɗaya, har mai kantin taki da na yi wa goyon ɗa.

In za ka daina aikowa ka faɗa mini, in rage shafi. Labarin dai ba zan janye ba. Ni ma 'yar gidan ce, kuma abin da na gada keken ɗinki ne marar ƙafa.

Dagaci ya ce garma ba za ta shiga gonar ba sai magaji ya yi magana. Magajin kai ne. Hadari ya fara haɗuwa ta wajen tafki.

Ka kula da kanka, ka riƙa gasa kafaɗar da ruwan ɗumi.

Ƙanwarka,
Rumondang

*

Lahad Datu
Oktoba

Ito,

Horas. Ina fatan kuna lafiya, ke da mai gidanki da bencinki.

Na ga gyaran. An gode. Ba ni nake karantawa yanzu ba, na miƙa wa Sitorus, yana tafiya cikin layi kamar ɓauna a kan gada. In ya iso sunan mace sai ya tsaya ya dubi kowa ya ce, "Akwai wan miji a nan? Ya tashi ya je bayan gida."

An yi gardama sosai a kanki. Manurung ya ce jaridar ƙanwata za ta rushe abin da kakanni suka gina, ya ce mace reshe ce da ake dasawa a gonar wani, ba ta da saiwa. Kowa ya gyaɗa kai. Washegari muna hanyar aiki ya ja ni gefe ya ce, "Lae, rubuta mini inda ofishin yake. Ƙanwata a Porsea, mijinta ya rasu bara." Na rubuta masa a bayan kwalin sigari.

Ba zan daina aikowa ba. Lokacin da kike rubuta na gidajen wasu, ni ne mai tafi da ƙarfi a nan. In na janye yau don wutar ta iso gemuna, ashe tafin na munafunci ne. Amma kada ki ɗauka don na huce ne.

Maganar Uda ba sabuwa ba ce a wurina. Na san shi tun yana auna mana shinkafa da yatsa a cikin mudu. Sai dai sanin halinsa bai ba ni wurin kwanciya ba.

Ki gaya wa uwar Lasma haka. Ta noma gonar, ta ci, ba zan karɓi ko tiya ba, har 'yan matan su yi aure su duka biyu. Bayan nan ta dawo hannuna. Ni zan nemi abin yi a Siborongborong kafin lokacin, ko gadi ne. Ina ganin ban zalunci kowa ba.

Ki kuma gaya mata, abin da ta kira tsallakewa, mu girmamawa aka koya mana. Shekarun nan duk da nake kauce mata a hanya, in sauka cikin taɓo don ta wuce a kan busasshe, ba don ban gan ta ba ne. Wannan maganar ta fi ta gonar yi mini ciwo, ban san dalili ba.

An yi ruwa a nan har hanya ta yanke, kwakwa tana ruɓewa a gindi, mu ake zagi.

Ki huta lafiya.

Tumpal

*

Siborongborong
Oktoba

Ito, na karanta mata. Ta ce ba za ta ba ni amsa da baki ba, kar in ƙara gishiri. Ga abin da ta rubuto mini, na sa maka yadda yake. R.

Eda,

Horas. Ina gaishe ki, ina gaida mai gida. Ki yi haƙuri da rubutun, hannun ya fi sabawa da lauje.

Ki gaya wa Amang, wan mijina, na ji saƙonsa kuma na gode. Na san ba kowa zai faɗi haka ba. Ki gaya masa maganar tsallakewa ɓacin rai ne. Na ga duk ranar da ya sauka cikin taɓo. Sau ɗaya ma takalminsa ya maƙale, na wuce ina cije leɓe don kar in yi dariya.

Amma ba zan karɓa ba. Lasma tana da mai zuwa wurinta, ƙanwarta ma ta kusa. Shekara kaɗan ne sun tafi gidajen wasu. Ranar nan gwiwata ta gama mutuwa, ranar ce kuma za a ce in tashi. Wannan aron laima ne da za a karɓe in ruwa ya sauko. Tun ina amarya nake cikin gonar nan. Lian yana kwance shekara biyu, ni na yi huɗa, ni na yi dashe, ni na kori tsuntsu. Ban zo baƙunta ba.

Ki gaya masa in ya dawo, ɗakin da ke jikin rumbu nasa ne. Shinkafa za ta riƙa isa gare shi safe da yamma ta hannun yara, kifi in an samu. Ba sadaka ba ce, gonarsa ce ta binne surukata, ban manta ba. Amma a rubuta gonar da sunana da na 'ya'yana.

An zauna a gidan dagaci. Dagaci ya ce shi ba ya son rigima. Ya ce in magaji ya rubuto da hannunsa cewa ya bar wa wance, da cikakken sunanta kamar yadda yake a katin shaida, shi zai buga hatimi a cire turaku. Sai Uda ya yi dariya har da buga cinya. Ya ce, "Tumpal? Ɗan gidan mutunci ne. Da kuskure ya faɗa sau ɗaya, har yau bai warke ba. Hannunsa ba zai rubuta sunan nan ba. In kuwa ya rubuta, to ba namu ba ne. Kada ya sa ran a kira shi ranar rabon nama, ko a biki ko a makoki." Dattawa ba su ce e ba, ba su ce a'a ba, suna ta kallon sigarinsu.

Ban ce ya rubuta ba, Eda. Na san abin da nake nema a wurinsa ba ƙarami ba ne. Na dai yafa iri a ɗan filin bayan gida, don ruwa ba ya jiran dattawa. In ya isa dashe gonar tana kulle, shekarar ta tafi.

Allah ya sa mu ji alheri.

Nai Lasma

*

Siborongborong
Nuwamba

Horas, Ito,

Muna lafiya, muna fatan kai ma haka. Mai kawo wasiƙu ya gaji da ganin fuskata.

Kowa ya yi dashe a Lumban Hariara, gonar Lian ce kaɗai ruwa kwance da turaku a tsaye. Irin ya yi tsawo, ya fara ja a baki. Ba ta ce in rubuto maka ba. Ta ma ce kar in dame ka.

Jarida ta koma shafi huɗu. Ƙanwar Manurung ta zo, labarinta zai fita mako mai zuwa.

In a'a ce, ka ce a'a. Ba zan sa ka a shafin farko ba, kuma ba za ka daina zama yayana ba. Shirun ne ba shi da inda za a ajiye shi.

Ƙanwarka,
Rumondang

*

Lahad Datu
Nuwamba

Ito,

Horas. Wannan ta hannun Manurung za ta iso, zai tafi gida, ya fi gidan waya sauri. Ki ba shi kofi, kada ki ba shi kujera, in ya zauna ba ya tashi.

Ban yi shiru don wulaƙanci ba. Na zauna da takarda sau da yawa. "Ni Tumpal Nababan" yana fita lafiya, "na bar gonar ƙanena" ma yana fita, da ƙyar. Daga nan sai biro ya tsaya.

Sitorus ya same ni a haka ya ce, "Lae, kai da kake da ƙanwa mai injin buga takarda? Yanko sunan daga jarida, ka manna da ƙwayar shinkafa. Hannunka bai rubuta ba, dagaci ya samu sunansa, Uda ya ci kansa." Har ya kawo almakashin askinsa. Na yi. Na manna. Na zauna ina kallon abin, sai ya yi mini kama da aikin ɓarawon da ke neman kuɗin fansa. Kuma na san Uda, zai ɗaga takardar sama ya ce kowa ma zai iya mannawa. Mace ta yi shekaru cikin taɓo, ba za a ba ta gonarta da dabara ba. Na yage.

Ga abin da ke cikin ambulan, don ki san ba a canja ba a hanya:

Ni Tumpal Nababan, da hankalina, ba wanda ya tilasta ni, na bar gonar ƙanena Parulian ga matarsa Tiominar boru Silaban da 'ya'yanta mata, har abada. A cire turaku.

Da hannuna. Sau biyu ke nan yau, tunda na kwafa miki.

Na je wurin manaja na ƙara shekara biyu. Ya dubi kafaɗata ya ce sara ya fi ƙarfina, ya mai da ni cikin masu tsintar 'ya'yan da suka zube a ƙasa, ni da mata da tsofaffi. Ɗakin jikin rumbu, ki ce an gode. Ba zan iya zama a garin da za a raba nama ina ji a tsallake ni ba. Ba yanzu ba dai.

Kada ki kuskura ki sa ni a jarida a matsayin mutumin kirki. In dole sai kin rubuta, ki rubuta cewa ya bayar yana jin haushi, kuma har yanzu yana ji. Wataƙila wani wan mijin da ke jin haushi ya karanta ya ga ana iya yi a haka.

Ku zauna lafiya.

Tumpal

*

Siborongborong
Disamba

Ito,

Horas, horas, horas. An yi dashe. Irin ya tsufa, ta ce ba za a samu kamar na bara ba, amma za a samu. Matan bencina ne suka je suka taya ta, suna waƙa, ƙauye ya fito kallo. Turakun ta haɗa ta dafa musu kofi da su.

Uda ya cika alkawari. An yi biki a gidan ɗansa, aka kira kowa da rabonsa, ba a kira ka ba. Mijina ya tashi ya fita, ni ma. Ba mu da yawa, amma an ga fitarmu.

Na rubuta yadda ka ce, da haushin da komai.

Ta ba ni tambaya in kawo maka. Ta ce tunda abin ya riga ya faru, ko za ka yarda ta rubuto maka da kanta, ba ta hannuna ba? Tana so ta yi godiya ba da aron baki ba.

Allah ya kai mu Kirsimeti lafiya.

Ƙanwarka,
Rumondang

*

Lahad Datu
Disamba

Ito,

Horas. Na ji, na gode Allah.

Ki ce mata a'a. Ta ci gaba da bi ta hannunki, ni ma haka, kuma in Allah ya sa na dawo zan sauka cikin taɓo ta wuce. Gonar na ba ta. Kunyar ta bar mini, ita ta rage.

Na takarda yana tafe ƙarshen wata. Ki mayar da shafukan da kika cire.

Yayanki,
Tumpal